Shekarar da Inabi Ya Mutu

Ranar da Odília Raposo ta fara ganin Rémi, hayaƙi ya rufe garin Corbel har ba a hango dutsen da ke bayan coci. Gobarar daji tana ci can arewa, an rufe babbar hanya, 'yan yawon buɗe ido duk sun juya. Tana zaune a ɗan ɗakin katakon da hukumar gari ta ajiye ta don yi wa baƙi jagora, ta zabga tagumi, tun safe ko kare bai leƙo ba.

Sai ƙofa ta yi ƙara. Wani dogon saurayi ya shigo, hularsa duk toka, hannunsa na hagu naɗe da bandeji kamar mulmulen tuwo.

"Sannu da aiki," ya ce. Daga jin harshensa ta san ɗan Quebec ne, can gabashin ƙasar. "Don Allah me ake yi a garin nan?"

"Babu," ta ce.

"Babu?"

"Inabi ya mutu, hanya a rufe, gidajen ɗanɗana giya rabi sun kulle. In kana da mota ka shiga ka tafi. Abin da ake yi ke nan."

"Ba ni da mota." Ya ɗaga hannun. "Almakashin gona ne ya so ya raba ni da yatsa. Likita ya ce kada in taɓa aiki sai an warware ɗinki, ni kuma na gaji da kallon rufin tanti." Ya dube ta da kyau. "Wai ke aka ɗauka aikin jawo baƙi?"

"Ni ce."

"To, Allah ya jiƙan garin nan."

Dariya ta kuɓuce mata. Ita kanta sai da ta yi mamaki, don rabonta da dariya tun cikin sanyi.

"Bi bakin kogi," ta ce, tana goge ido, "har ka kai tsohuwar gadar jirgin ƙasa. Ka zauna a kai. In kana da sa'a ka ga gaggafa."

Ya yi godiya ya fita. Ta bi bayansa da kallo ta taga har hayaƙi ya haɗiye shi.

Shekarar ba ta zo wa gidan Raposo da sauƙi ba. Mahaifiyarsu Lurdes ta rasu a kakar da ta wuce. Ba a gama share hawaye ba sai ga wani sanyi a watan Janairu, irin wanda tsofaffin kwarin suka ce ba su taɓa gani ba, ya bi gonaki ya kashe itatuwan inabi a tsaye. Da bazara ta zo, gonar mahaifinta Amadeu ba ta fitar da ganye ba. Layi bayan layi, baƙaƙen sanduna a jikin waya.

Amadeu bai yi kuka ba, ba a jana'izar matarsa ba, ba a kan gonar ba. Magana kawai ya rage. Kullum da safe zai sa takalmi ya zaga matattun itatuwan, ya dawo ya zauna. Odília da yayarta Celeste suna lallaɓa shi kamar ƙwai.

Washegari saurayin ya dawo.

"Madam Babu, na ga gaggafa. Sai kuma me?"

"Sunana Odília."

"Nawa Rémi Tessier. Amma Madam Babu ya fi dacewa da ke."

Ɗan ci-rani ne, cikin samarin da ke zuwa daga gabas duk bazara su yi aikin gona, in sanyi ya kawo kai su naɗe tanti. Odília ta san irinsu tun tana ƙarama, ta kuma san abin da ake faɗa a kansu a gidansu. Duk da haka ta tura shi kasuwar Asabar, wurin Misis Dhaliwal mai tumatir da samosa. Da ya dawo ya ce shi kaɗai bai ji daɗin samosar ba, sai Asabar ta gaba ta raka shi.

Daga nan suka karɓi lambar juna.

"Madam Babu, an cire ɗinki. Yatsa ya ce in gaishe ki. Yau me ake yi a garinku?"

"Ka ce wa yatsa ya kiyayi almakashi. Yau Alhamis, tsofaffi na karta a zauren 'yan Fotugal. Zo ka ji yadda ake zagi da yaren kakana."

Ya zo. Tsofaffin suka cinye shi tas, suka kira shi jaki da yarensu, ya ce ya gode, suka fashe da dariya suka cika masa kofi.

Da hayaƙi ya yaye, suka ɗauki tyub na tayar tarakta suka faɗa kogi, ruwa yana tafiya da su a hankali ta tsakanin gonaki. Ko'ina ka duba matattun itatuwa ne. Ita ta riƙa kau da kai. Shi ya miƙo hannu ya riƙo tyub ɗinta don kada ruwa ya raba su, can sai ta ga ba tyub ɗin ya riƙe ba, hannunta ne. Ba ta janye ba.

"Kin san abin da ke ba ni mamaki?" ya ce. "Duk wurin da kika kai ni, sai kin fara ce mini da ya fi haka kyau."

"Ai gaskiya ce. Ka zo a makare, Rémi. Ba ka ga garin nan yana raye ba."

"Ni dai abin da na tarar ya ishe ni."

Ta watsa masa ruwa don kada ya ga fuskarta.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Na yi yawo da yawa, Odília, ban taɓa isa wuri na ji ba na son ganin taswira ba sai nan. Ke ce dalili. Ki yi haƙuri in na faɗa da wuri."

Ta karanta, ta kife wayar a ƙirji, ta sake karantawa.

"Ba ka faɗa da wuri ba, Mai Yatsa. Ni ce dai nake tsoro."

Da kaka ta kai shi ƙarƙashin gada ya ga jajayen kifaye suna hawowa daga teku. Ruwan ya yi ja da su, wasu duk jikinsu ya saɓule, suna ta kokawa da igiyar ruwa.

"Su sha wannan wahala duka," ta ce, "su zo su zuba ƙwai su mutu."

"Amma a gida," ya ce. Sai ya kau da kai daga kogin. Ta tambaye shi, ya ce ba komai.

Bikin tattaka inabi na garin ba a fasa shi ba, sai dai a bana inabin aro ne, an ɗauko shi a mota daga tsallaken iyaka. Tsofaffin manoma suka tsaya nesa, hannu a aljihu. Rémi ya ja ta suka shiga ganga ɗaya, ƙafa ba takalmi, ta zame ya tare ta, mutane suka yi tafi. Tana ɗagowa ta hango mahaifinta a gindin bishiya yana kallonsu. Kusa da shi Curtis Halvorsen ne, manajan babban gidan giyar da ke kan tudu, wanda ya daɗe yana zuwa gidansu da sunan gaishe da Baba.

A mota, da suka kusa gida, Amadeu ya ce mata:

"Ki ce ya zo cin abinci ran Lahadi."

Ran Lahadi bayan coci Rémi ya zo da rigar aro, ya yi aski, ya riƙo furanni. Ya tarar da Curtis a tebur. Celeste ta kawo busasshen kifi mai gishiri da dankali, aka yi addu'a, aka fara ci.

"Ina gidanka?" Amadeu ya tambaya, bai ɗago ba.

"Yanzu dai a sansani nake, Mista Raposo."

"Tanti ke nan. Da sanyi fa?"

"Bara a Montreal na yi. Kafin nan wani wuri."

"Ubanka me yake yi?"

Rémi ya ajiye cokali. "Kafinta ne. Mun daɗe ba mu yi magana ba."

"Mutumin da ba ya magana da ubansa," in ji Amadeu, "shi ne zai zauna da 'yar wani?" Ya nuna shi da wuƙar cin abinci. "Na taɓa ciyar da irinka a teburin nan. A kujerar da kake kai ya zauna. Shi ma ya iya dariya. Ganye na zubewa ya ɗauki jakarsa, ya bar mini 'ya da ciki."

Celeste ta miƙe ta shige kicin. Curtis ya duƙar da kai.

Rémi bai dubi tsohon ba. Odília ya duba. Ta ji idonsa a kanta, ta san kalma ɗaya yake jira. Amma ta ga hannun mahaifinta a kan tebur, hannun da ya rame ya zama ƙashi, sai bakinta ya ƙi buɗuwa. Ta zuba wa farantinta ido.

Rémi ya miƙe. "Na gode da abinci."

Ta cim masa a bakin ƙofar gona.

"Rémi, tsaya mana."

"Ba maganarsa ce ta yi mini ciwo ba," ya ce a hankali. "Yana da hujjarsa. Shirunki ne."

"Ubana ne. Komai nasa ya mutu. Kana so ni ma in juya masa baya a gaban mutane?"

"Ban ce ki juya masa baya ba. Cewa kawai za ki yi, Baba, wannan ba wancan ba ne." Ya jira. "Ko ke ma ba ki tabbata ba?"

Ta kau da kai. Ya gyaɗa kai, ya bi hanya da rigar aronsa.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi ta rubuta saƙo tana gogewa. Shi ma bai turo ba. Tana cikin haka Curtis ya shigo ɗakin katakon, yana jujjuya hula a hannu.

"Ban so ya zama ni zan faɗa miki ba," ya ce. "Na gan shi ɗazu a tashar bas da jakarsa. Akwai wata tare da shi, mai jan gashi, ta rungume shi tana kuka. Tare suka shiga."

Curtis ba maƙaryaci ba ne, duk garin an san haka. Odília ta ce ta gode. Yana fita ta ɗauki waya ta rubuta wa Rémi:

"Na ji ka tafi. Baba ya yi gaskiya. Allah ya kiyaye hanya, kai da ita."

Ta tura, ta toshe lambarsa, ta kifa kai a kan tebur.

Sanyi ya shigo. Gajimare ya sauko ya zauna a cikin kwarin kamar murfin tukunya, a yi mako ba a ga rana ba. Aka rufe ɗakin baƙi, ta koma aiki a kantin magani. Amadeu bai taɓa ce mata ai na faɗa miki ba, amma ya fara cin abinci da ɗan dama, wannan ya fi yi mata ciwo.

Curtis ya riƙa zuwa. Ya kai ta cin abinci a gidan giyarsu, wurin da ake kunna kyandir ko da rana. Ya kai ta kamun kifi a kan daskararren tafki, ya ba ta safar hannunsa. Mutumin kirki ne, ba ya makara, ba ya ɗaga murya. Duk inda suka je sai ta ji kamar ta manto wani abu a gida. Bayan sabuwar shekara ya tambaye ta aure. Ta ce ya bari sai bazara.

Celeste ta same ta tana wanke-wanke tana kallon taga.

"Za ki aure shi?"

"Ba zai taɓa tafiya ba, Yaya."

"Kujerar falo ma ba za ta tafi ba. Sai ki aure ta?"

"Ke fa ya kamata ki fi kowa ganewa."

Celeste ta karɓi farantin daga hannunta. "Na gane sarai. Nawa ya gudu, gaskiya ne, na sha kuka. Amma laifinsa nasa ne shi kaɗai. Ranar nan da Baba ya mayar da ni abin misali a gaban baƙi, ba yaron nan kaɗai ya yanka ba. Ke kuma kina zaune kina ƙirga dankali."

Odília ta fashe da kuka. Yayarta ta rungume ta da hannu duk kumfa.

Da ƙanƙara ta fara narkewa Amadeu ya yanke shawarar da maƙwabtansa suka riga shi yankewa: a tumɓuke gonar. Ya kira mai kwangila. Ranar da katafila ta iso, ana yayyafi mai sanyi. Odília ta dafa kofi ta zuba a flas ta fito, ta tarar an riga an fara. Injin yana cusa haƙoransa a ƙasa ya ɗago itace da saiwarsa, ya ajiye a gefe a hankali kamar mai kwantar da jinjiri. Ba haka ta ga ana yi a sauran gonaki ba, can wurgi ake yi da su.

Ta matsa kusa ta dubi direban. Ya rame, ya tara gemu. Amma shi ne.

Ta tsaya tana kallonsa. Rémi ya gan ta, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ci gaba da aiki.

Amadeu yana tsaye a gefe cikin tsohon kwat ɗinsa, shi ma ya gane shi. Yana kallo layi yana bin layi, aikin rayuwarsa yana zama tsibin itacen wuta. Har aka zo layin ƙarshe, na jikin gida, wanda shi da Lurdes suka dasa da hannunsu shekarar da suka yi aure. Tsohon ya taka ya je ya dafa itacen farko. Sai ya durƙushe a cikin taɓo.

"Baba!" Odília ta yar da flas.

Kafin ta kai, injin ya mutu. Rémi ya diro, bai ɗaga tsohon ba, bai ce masa ya yi haƙuri ba. Zama ya yi kusa da shi a cikin taɓon.

Amadeu yana kuka, kukan da ya riƙe tun ranar jana'iza, yana kiran sunan matarsa. Odília ta tsaya cak, ta toshe baki da hannu.

"Koma kan aikinka," tsohon ya ce da ƙyar.

"Zan koma, Mista Raposo. Ba yanzu ba."

Suka zauna ruwa na sauka a kansu. Can Rémi ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Mahaifina ya rasu da kaka. Yayata Maude ce ta hawo jirgin sama ta zo ta ɗauke ni, don ta san in ta waya ce ba zan ɗauka ba. Muna hanya ya cika. Ban same shi ba." Ya goge fuska da bayan hannu. "Abin da kuka faɗa a tebur, kun yi gaskiya. Na yi ta cewa sai wata shekara zan kira shi."

Amadeu ya juyo ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"Me ya dawo da kai?"

"Na gyara wa mahaifiyata rufi, na zauna da ita har ta ce in tafi, na ishe ta da zagaye ɗaki. Na dawo na sami aiki wurin mai kwangila. Da na ji an ambaci gonarku na ce a ba ni. In dai dole a cire su, gara wanda zai yi a hankali." Ya dubi layin. "A bar wannan?"

"Matacce ne," in ji Amadeu. Ya dafa kafaɗar Rémi ya miƙe. "Amma ba da haƙorin ƙarfe ba. Kawo sarƙa. Ni zan ɗaura, kai ka ja."

Haka suka yi, itace bayan itace, tsohon yana ɗaurawa yana ɗaga hannu, saurayin yana ja. Odília ta ɗauki flas ɗinta daga taɓo ta tsaya tana kallonsu, kalma ɗaya tana yawo a kanta: yayata.

Da aka gama, Amadeu ya shiga gida bai waiwayo ba. Ita ta nufi inda Rémi ke naɗe sarƙa.

"Mai jan gashi," ta ce.

"Duk gidanmu ni kaɗai na tsira daga jan gashi."

"Don me ba ka faɗa mini ba?"

Ya ciro waya ya miƙa mata. Saƙonni ne a jere, ba wanda ya isa.

"Odília, wadda aka gani yayata ce. Babana na asibiti. Zan kira ki in mun sauka."

"Ya rasu. Ban same shi ba. Ina son jin muryarki, ko faɗa ne ki yi mini."

"Yau aka binne shi. Na tsaya a bakin kabari ina tunanin kifayen nan da kika nuna mini. Ban yi fushi da ke ba, rabin raina. Na dai gaji."

Ba ta iya karanta sauran ba. Ta tuna tana can tana jin haushinsa, shi kuwa yana binne mahaifinsa shi kaɗai yana kiran layin da ta toshe.

"Na yi shiru a tebur," ta ce, "na kuma rufe maka ƙofa ranar da ka fi bukatata. Ban san da wane baki zan ce ka yafe ba."

"Ni ma na tafi da fushi, ban tsaya na yi miki sallama ba." Ya dubi tudun da gidan giyar yake. "Na ji an ce ana neman ki. In kin ba shi amsa, faɗa mini, in gama aikina in bar muku kwarin."

"Ban ba shi ba."

"To me kike jira?"

"Ban sani ba sai yau."

Ya saki sarƙar. Ta shige jikinsa da taɓo da komai.

Washegari ta hau tudu ta sami Curtis ta faɗa masa da bakinta. Ya saurare ta har ƙarshe, fuskarsa ta yi fari.

"Da na san yayarsa ce da ban faɗa ba," ya ce.

"Na sani, Curtis."

"Je ki, Odília. Kada ki tsaya ki ga yadda zan yi."

Amadeu bai sauko a rana ɗaya ba. Rémi ya kama ɗaki a gari, duk Asabar yana zuwa ya taya gyaran ƙasa, tsohon yana ba shi umarni kamar ɗan ƙodago, ba yabo ba fallasa. Wata Lahadi aka zauna cin abinci ba a sa masa faranti ba. Odília ta miƙe ta ɗauko, ta ajiye kusa da nata.

"Baba, wannan ba wancan ba ne. Tun tuni ya kamata in faɗa."

Tsohon ya dubi farantin, ya dubi Celeste, ya daɗe.

"Ke ma na yi miki ba daidai ba," ya ce wa babbar 'yarsa. Sannan ya tura kwanon dankali gaban Rémi.

A watan Mayu sabbin dashe suka iso, 'yan sanduna da ba su fi tsawon hannu ba. Shi da Rémi suna durƙushe suna dasawa, Odília na biye da tiyo tana ba su ruwa, Amadeu ya ce, bai ɗago ba:

"Waɗannan sai sun shekara uku kafin su ba da ɗa ko guda. Kana nan?"

"Ina nan, Baba, in kun ba ni Odília. In ba ku ba ni ba ma ina nan, sai dai ku gaji da ganina."

Tsohon ya danna ƙasa a gindin dashen da tafin hannu.

"Ga ta can a bayanka tana jiƙa mini takalmi. Tambaye ta. Ni ban taɓa cin gardama da matan gidan nan ba."

Rémi ya juyo a durƙushe yadda yake, gwiwa a laka.

"Madam Babu, za ki aure ni?"

"Sai yanzu ka ga dama, Mai Yatsa?" ta ce, tana dariya tana hawaye. "Zan aure ka."

An ɗaura auren a watan Satumba a ƙaramin cocin garin. Ba a cika ba, don gidaje da yawa sun sayar da gona sun tashi. Maude ta zo da mahaifiyarsu, wata 'yar tsohuwa mai sanda wadda ba ta jin yaren kowa a wurin, amma ta riƙe hannun Odília ta ƙi saki. Curtis ya aiko da giya daga kan tudu, shi bai zo ba. A layin gaba an bar kujera biyu ba kowa, ɗaya ta Lurdes, ɗaya ta kafintan da bai ga wannan rana ba. Amarya ta dube su ta yi kuka, ango ma bai tsira ba.

A zauren biki matan unguwa suka dafa romon naman sa da burodi da na'a-na'a, aka ci aka ƙoshi. Sannan Amadeu ya miƙe, ya buga cokali a jikin kofi. Ya kira su gabansa, ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan Rémi.

"Ban iya dogon jawabi ba," ya ce. "Na so in hana wannan aure, Allah bai biye mini ba, na gode masa. Ɗana, na ba ka ita. 'Yata, na ba ki shi. In kun yi faɗa, kada ku kwana ba ku yi magana ba, ko da zagi ne. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka. Allah ya sa ku tsufa tare, ya kuma sa wanda zai riga tafiya ya daɗe bai tafi ba."

Zauren ya amsa da amin, da yare uku. Mahaifiyar Rémi ta tambayi Maude me aka ce, da aka fassara mata sai ta ɗaga sandarta sama ta ce nata amin ɗin ita kaɗai, bayan kowa ya gama.

Celeste ta share ido, ta juya wurin makaɗin akodiyon.

"To, malam, me kake jira? Kuka ya isa haka. Taɓa mana."

Ya taɓa. Rémi ya miƙa wa matarsa hannu, ta kama, suka shiga fili.